Tambaya da Amsa: Yadda Ake Raba Gaɓa da Furta Kalmomin Italiyanci

Wasiƙun wannan wata sun fi karkata ga Italiyanci, daga ɗalibai da 'yan kasuwa da masu kallon ƙwallo na cikin birnin Kano da kewaye. Mun zaɓi shida, mun taƙaita tambayoyin saboda fili.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina shirin tafiya karatu Perugia, na fara koyon Italiyanci. Littafina ya raba kalmar pasta a matsayin pa-sta, ni kuma kunnena pas-ta yake ji. Wanne ne daidai, kuma mene ne ƙa'idar raba gaɓa gaba ɗaya? Daga wata ɗaliba a Gwammaja.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Kunnenki bai yaudare ki ba, littafin ma bai yi kuskure ba. Za mu zo kan pasta, amma bari mu faro daga tushe, domin wanda ya iya raba gaɓar Italiyanci ya ci rabin furucinsa.

Gaɓar Hausa iri uku ce: baƙi da gajeren wasali, baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali, sai baƙi da wasali da baƙin da ya rufe ta, kamar kwas a takwas. Yawancin gaɓoɓin Italiyanci ba su wuce waɗannan ba. Baƙi ɗaya tsakanin wasula biyu, wasalin gaba yake bi: ca-sa (gida), a-mi-co (aboki), ta-vo-lo (tebur). Baƙaƙe biyu iri ɗaya rabawa ake yi, ɗaya ya rufe gaɓar baya, ɗaya ya buɗe ta gaba: mam-ma, pal-la (ƙwallo), set-te (bakwai). Haɗin cq ma haka ake masa: ac-qua (ruwa). Idan l, r, m ko n suka zo gaban wani baƙin daban, su ke rufe gaɓa: al-to (dogo), por-ta (ƙofa), cam-po (fili), can-to (waƙa). Duk wannan babu baƙon abu ga mai cewa gar-ma, tam-ba-ya, kal-ma.

Inda hanya ta rabu shi ne inda gaɓa ta fara da baƙi biyu ko uku, abin da Hausa ba ta yarda da shi ba. Baƙin da l ko r ya biyo bayansa ba a raba su: li-bro (littafi), pa-dre (uba), a-pri-le, ci-clo. Idan baƙaƙe uku suka jeru, na farko ya koma baya, biyun su tafi gaba: sem-pre (kullum), al-tro (wani daban), in-gle-se. Haruffan da suka haɗu suka ba da sauti guda, irin sh da ts namu, su ma ba a tsaga su: an-che, la-ghi, ba-gno, fi-glio, pe-sce.

Yanzu ga s ɗinki. A ƙa'idar rubutu, s da wani baƙi daban ya biyo bayanta gaba take tafiya: pa-sta, fe-sta, que-sto, fi-ne-stra (taga), co-stru-i-re. Ƙa'idar makaranta ke nan, ita ake bi wajen yanke kalma a ƙarshen layi, ita kuma za ki rubuta a jarrabawa. A baki kuwa, masana furuci da yawa suna ganin pas-ta ake faɗa, kuma suna da hujja mai ƙarfi. A Italiyanci wasalin da nauyin kalma, wato ƙarfin da ake danna gaɓa ɗaya da shi, ya sauka a kansa yana tsawo idan gaɓarsa buɗaɗɗiya ce a tsakiyar kalma, yana gajarta idan rufaffiya ce. Wasalin ca a casa dogo ne. Wasalin pasta gajere ne, wato yana yin halin wasalin rufaffiyar gaɓa. Don haka ki rubuta pa-sta, ki furta pas-ta, kada ki ja a ɗin.

Sauran aikin yana ga wasula, kuma a nan ɗalibai suka fi zubar da maki. Idan i ko u marar nauyi ya haɗu da wani wasali, gaɓa ɗaya suke zama: pie-de (ƙafa), fio-re (fure), uo-mo (namiji), au-to, zai-no (jakar goyo). Har uku suna haɗuwa: miei da tuoi kowacce gaɓa ɗaya ce. Idan kuwa a, e, o ne suka haɗu da junansu, ko kuma nauyin ya sauka a kan i ko u ɗin, to sun rabu: pa-e-se (ƙasa ko ƙauye), po-e-ta, a-e-re-o (jirgin sama), vi-a, zi-o, pa-u-ra (tsoro). Harshen Bahaushe ba ya barin wasula biyu su jeru ba tare da hamza ba, shi ya sa muke cewa sa'a da jama'a. Wannan hamzar ki ajiye ta a Kano. Ba pa'ese ba ne, ba kuma payese ba. Murya ɗaya za ki saki, ki sauya siffar baki daga a zuwa e ba tare da maƙogwaro ya rufe ba. Ki gwada da jan murya a hankali kamar mai rera waƙa, sau goma, sannan ki ƙara sauri.

TAMBAYA: Ina sana'ar fata, muna tura kaya Italiya. Na haddace lambobi da sunayen kaya, amma in na yi waya da abokin ciniki sai ya yi ta cewa in maimaita. Ina matsalar take? Daga wani ɗan kasuwa a Sharaɗa.

AMSA: Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Ba mu ji muryarka ba, amma abubuwa uku ne suka saba kawo wa Bakano wannan cikas, kuma dukkansu suna gyaruwa.

Na farko shadda. Baƙin da aka rubuta sau biyu a Italiyanci riƙe shi ake yi, kamar yadda baba ta bambanta da babba, kala ta bambanta da kalla. Kana da wannan a bakinka tun yarinta, abin da Bature mai Ingilishi yake shan wuya kafin ya samu. Matsalar tana zuwa ne daga karatun boko, inda aka saba ganin baƙi biyu a Ingilishi a furta ɗaya. Sette bakwai ce, sete ƙishirwa. Cassa akwati ne ko wurin biyan kuɗi, casa gida. Caro mai tsada, carro amalanke. Nono na tara, nonno kaka namiji. Capello gashi, cappello hula. Yadda ake yi: in baƙin ɗaya ne, ja wasalin da ke gabansa, kamar baaba; in biyu ne, datse wasalin ka danne baƙin. Otto, quattro, mille, pelle, duka da shadda.

Na biyu ya fi ɓoyuwa, kuma muna ganin shi ne babban mai laifi. A Hausa, e da o idan suka faɗa rufaffiyar gaɓa sai su karkata zuwa a. Muna rubuta benci mu ce banci. Da muka ari kalmomin da suka fara da ko, sai suka koma kwamfuta, kwantena, kwas. To ka duba ɓarnar da wannan ke yi. Pelle fata ce; in ka ce palle, ƙwallaye ka ambata. Penna alƙalami, panna kirim ɗin madara. Mafi muni a ciniki: conto lissafin kuɗi ne, in ya zame maka kwanto ya koma quanto, wato nawa. Kai kana neman a aiko maka da lissafi, shi yana jin kana tambayar farashi. Maganinsa a madubi yake. Faɗi ko-ko-ko da leɓe a zagaye, sannan ka rufe da n ba tare da leɓen ya saki ba: kon, kon-to. Haka pe-pe-pe, pel, pel-le, baki a ɗan shimfiɗe har ka gama l.

Na uku p da f da v. Mu sauti ɗaya muke da shi a wurin p da f, muna hura shi tsakanin leɓɓa biyu, v kuma b muke mayar da ita. Italiyanci ya raba su huɗu: p, b, f, v. P leɓɓa a rufe ruf, sannan a buɗe su lokaci guda. F haƙoran sama a kan leɓen ƙasa, iska na wucewa. V kamar f ce amma maƙogwaro na rawa. Ɗora yatsa a wuya za ka ji. Yi atisaye da pino, fino, vino, da kuma pasta, basta, vasta. Venti (ashirin) da nove (tara) suna cikin lambobin da kake faɗa kullum, don haka v ɗin ba abin ɗagawa ba ce. Pelle di capra, fatar akuya, ta haɗa maka p, da e a rufaffiyar gaɓa, da shadda, da pr. Ka mai da ita abin maimaitawa da safe.

TAMBAYA: A gidan kallon ƙwallonmu kullum ana gardama kan sunan Chiesa da Chiellini da Cagliari. Wasu su ce Ciyesa, wasu Kiyesa. A raba mana. Daga wani matashi a Fagge.

AMSA: Samari, masu k ne suka fi kusa. Ch a Italiyanci k ce, ba c ba.

Abin yana tafiya haka. C gaban a, o, u k ce: casa, cosa, cucina. Gaban e ko i kuwa c ɗin Hausa ce sak, irin ta ciki da cefane: cento, cinque, Lecce. Wannan sa'a ce da Bahaushe ya taka, domin cento yadda ka gan ta haka za ka karanta ta. In ana son k gaban e ko i sai a sa h a tsakani: che ke, chi ki. In kuma ana son c gaban a, o, u sai a sa i wadda ba a furtawa: ciao cawo ce a dunƙule, ba ciyawo ba. G ma tagwaicin c take: gatto da g, gelato da giro da j, spaghetti da g saboda h ɗin, Giorgio kuma Jorjo, gaɓa biyu, Gior-gio. Giovanni Jovanni ne.

To Chiesa gaɓa biyu ce, Chie-sa, kuma farkonta ky ne irin na kyau da kyauta: Kyeza, ko Kyesa a bakin mutanen kudancin Italiya. Ma'anarta coci. Chiellini Kyel-li-ni. Haka ghiaccio (ƙanƙara) tana farawa da gy na gyaɗa, qu kw ne na kwana, gu gaban wasali gw ne na gwani: questo, guerra, lingua.

Gn ita ce ny ɗin hanya da kunya: Bologna Bolonya, a ɗan danne ny ɗin. Gli ce ba mu da irinta. Tsakiyar harshe ake mannawa a ganɗa, iska ta fita ta gefe. Fara da kwalliya, ka yi ta sauri har i ɗin tsakiya ya ɓace, abin da ya rage ya yi kusa. Cagliari gaɓa uku ce, Ca-glia-ri, nauyi a kan Ca, g ɗin ba ta fita. Amma gaban sauran wasula g da l kowa na fita, kamar inglese da gloria. Sc gaban e ko i sh ce: pesce peshe, Brescia Bresha. Sch kuma sk: schema.

Z kada a ba ta tsantsar ts ɗinmu ta tsuntsu, domin tamu da maƙogwaro a rufe ake yin ta. Tasu t ce da s a manne, iska na fita daga huhu: pizza, piazza, grazie, Lazio. A wasu kalmomin d da z ce: zero, mezzo. Rubutu ba ya nuna wacce ce, sai da ƙamus ko sauraro. J ɗin Juventus y ce, kalmar daga Latin take. Napoli, inda Victor Osimhen ya ci kofin Serie A a 2023 da ƙwallo 26, nauyinta a Na yake, ba a po ba. Atalanta, wadda Ademola Lookman ya ci wa uku a wasan ƙarshe na Europa a 2024, ta garin Bergamo ce, nauyi a Ber.

TAMBAYA: Malamai, ta yaya zan san gaɓar da ake dannawa, tunda ba kullum ake sa alama ba? Daga wani malamin makaranta a Tarauni.

AMSA: Malam, Hausa karin sauti take amfani da shi, kowace gaɓa da hawanta ko saukarta. Italiyanci kuwa gaɓa ɗaya yake zaɓa a kalma ya ba ta ƙarfi da ɗan tsawo, sauran su bi ta a sauƙaƙe, amma wasulansu ba sa lalacewa; kowanne a, e, o yana fita sarai ko ba nauyi a kansa.

Mafi yawan kalmomi nauyinsu na kan gaɓa ta biyun ƙarshe: aMIco, fiNEstra, MiLAno. Su ake kira piane. In ka rasa madafa, nan za ka jefa. Waɗanda nauyinsu ke gaɓar ƙarshe, tronche, dole a sa musu alama a rubutu, don haka ba sa ruɗarwa: città, caffè, perché, lunedì, università, ventitré. Papa Fafaroma ne, papà baba.

Wahalar tana ga sdrucciole, masu nauyi a gaɓa ta ukun ƙarshe, domin ba alamar da ke nuna su: TAvolo, teLEfono, MEdico, GEnova, PAdova. Akwai 'yan alamomin hanya. Lambobi daga 11 zuwa 16 duka haka suke: UNdici, DOdici, TREdici, quatTORdici, QUINdici, SEdici. Kalmomi masu ƙarewa da -abile, -ibile, -issimo su ma haka: posSIbile, belLISsimo. Aikatau na jam'in wasu, wato su, yana riƙe nauyi inda na tilo ya ajiye shi: PARla ya zama PARlano, ba parLAno ba, Abita ya zama Abitano, nauyi a gaɓa ta huɗu daga ƙarshe. Wannan kuskuren na parLAno kusan kowane sabon ɗalibi sai ya yi shi.

Sauya wurin nauyi na sauya ma'ana. ANcora ƙarfen tsayar da jirgin ruwa ne, anCOra har yanzu. SUbito nan take, suBIto abin da aka sha na wahala. CApito, caPIto, capiTÒ kalmomi uku ne daban; ta tsakiya ce ake cewa ho capito, na gane. Ka lura kuma da farmacia da camicia: ta farko far-ma-CI-a, gaɓa huɗu, i na ɗauke da nauyi, ta biyu ca-MI-cia, gaɓa uku, i ɗin alama ce kawai. Shawararmu, duk sabuwar kalmar da ka rubuta a littafinka ka ja layi ƙarƙashin gaɓar nauyi tun ranar farko. Kalmar da aka haddace da nauyi a gurguwar gaɓa tana da wuyar kankarewa.

TAMBAYA: An ce wasulan Italiyanci bakwai ne, ni biyar nake gani. Daga wata ma'aikaciyar jinya a Kurna.

AMSA: Hajiya, haruffan biyar ne, sautukan bakwai, domin e da o kowanne yana da buɗaɗɗe da tsukakke idan nauyi na kansa. Pèsca ɗan itace ne, pésca kamun kifi. Vènti iskoki, vénti ashirin. Tsarin Firenze ne, garin da daidaitaccen Italiyanci ya samo tushe, inda kuma aka kafa Accademia della Crusca mai kula da harshen a 1583. Su kansu Italiyawa sun saɓa a kai daga yanki zuwa yanki, kuma suna fahimtar juna. Kada ki ɓata lokaci a nan yanzu. Guda ɗaya ce ba a wasa da ita: è mai alama, ma'anarta ne ko ce, e marar alama kuma da.

TAMBAYA: 'Yata tana koyo, amma spaghetti sufageti take cewa, scuola kuma sukola. Na biyu, wannan alamar da ke cikin l'amico hamza ce? Daga wata uwa a Ƙofar Na'isa.

AMSA: Hajiya, Allah ya raya ta. Abin da take yi shi ne abin da Hausa ta yi wa burodi, direba, fulawa da sukudireba: duk inda baƙaƙe suka cunkushe sai ta cusa wasali ta raba su. A Italiyanci wannan na ƙara wa kalma gaɓa. Spa-ghet-ti uku ce, scuo-la biyu, stra-da biyu, tre ɗaya.

Ga dabarar da ke aiki. Bahaushe na iya cewa aska da iska da kasko ba wahala, domin s na rufe gaɓa. To ta fara da askwola, ta maimaita, tana rage ƙarfin a ɗin har ya zama numfashi, sannan ya ɓace: skwola. Ko ta ja s ɗin kamar mai korar kaji, ssss, sannan ta faɗo kan pa. Ta haɗa da kalmar da ke gaba ma yana taimakawa: la scuola a baki las-kwo-la ce, lo studente los-tu-den-te. Italiyawa ma sun san nauyin wannan haɗin, shi ya sa suke cewa lo studente, lo sport, ba il ba, kuma har yau ana rubuta per iscritto, a rubuce, da i ɗin da aka ƙara don sauƙi. Ki lura, s gaban b, d, g, l, m, n, r, v z take zama: sbaglio (kuskure) zbalyo.

Ga tr, pr, br, gr kuwa, r ɗin ce mabuɗi. Hausa na da r biyu: ta naɗe harshe irin ta ruwa, da mai karkarwa irin ta biyar da tara. Ta biyun ce ta Italiyanci, bugu ɗaya ko biyu a caro, karkarwa mai tsawo a carro. In ta yi amfani da ta ruwa, dole wasali ya kutso, domin harshe na buƙatar lokacin naɗewa. Ta sa kan harshe a hanƙa tun kafin ta saki t ko p, sai r ta biyo nan take: tre, prego, grazie. Minti biyar a rana, kalma biyar, tana ɗaukar muryarta a waya tana saurare, ya fi awa guda sau ɗaya a mako.

Alamar l'amico ba hamza ba ce. Tana nuna wasali ne ya faɗi, lo amico ya zama l'amico, kuma a haɗe ake furtawa: la-mi-co. Dell'acqua del-lac-qua. Ko inda babu alamar, Italiyanci ɗinke kalmomi yake: un amico u-na-mi-co, con amore co-na-mo-re. Mu kowace kalma mai farawa da wasali da hamza muke buɗe ta, to a tsakiyar jimla ta sake ta. H ma ba a furta ta ko kaɗan: ho o ce, hanno anno ce. Idan kalma mai wannan alamar ta zo ƙarshen layi a rubutu, hanyar da ba gardama a kanta ita ce a yanke kafin nan ko bayan nan, del- a sama l'acqua a ƙasa, ko dell'ac- a sama qua a ƙasa. Kada ta mayar da wasalin da ya faɗi ta rubuta della a sama acqua a ƙasa. Malamai da yawa suna jan jan biro a kansa.